Waiwaye Adon Tafiya: Abin da Ɗalibin Harshe Zai Tsinta a Fim ɗin Casablanca

Gabatarwa

Ranar da Malaminmu na darasin fassara ya shigo aji riƙe da kwamfuta da majigi, ya ce yau kallon fim za a yi, ajin ya kaure da murna. Murnar ba ta je ko'ina ba. Da hoto ya fito a jikin bango muka ga baƙi-da-fari ne, babu faɗa babu rawa, sai wasu Turawa cikin kwat suna ta zuba zance a wani gidan shaƙatawa, nan da nan aka fara gunaguni, kuma ni kaina ina cikin masu yi. Wani daga bayan aji ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai wannan ya girmi kakana." Malam ya ce ƙwarai kuwa, a 1942 aka yi shi, kuma aikinmu na wannan zangon karatu shi ne a raba mu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya fassara minti goma daga cikinsa zuwa Hausa.

Fim ɗin shi ne Casablanca. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana wa 'yan'uwa ɗalibai abin da na tsinta game da shi: yadda aka yi shi, yadda waɗansu ɗalibai irinmu suka tashe shi bayan masu shi sun ɗauka ya gama yayi, irin ɓarnar da mafassara suka taɓa yi masa, da kuma wuraren da suka ɗaure mana kai da muka zo zuba shi cikin Hausa.

Sunan abin tukuna

Akwai matsalar suna, kuma bai kamata ɗalibin harshe ya tsallake ta ba. Turawa suna kiran irin waɗannan finafinai "kilasik", suna nufin waɗanda aka yi a zamanin da manyan kamfanonin Holiwud suke cin karensu babu babbaka, wato daga wajen 1927 da fim ya fara magana zuwa farkon shekarun 1960. Idan muka ce "tsohon fim" ba mu yi ƙarya ba, amma mun rage, domin tsufa kaɗai ba ya shigar da fim wannan sahu, dubbai sun tsufa an manta da su. Ni na fi karkata ga "tsohuwar zuma", tunda Bahaushe ya ce da ita ake magani. Haka nan suna da kalma ta musamman ga al'adar ɗauko irin wannan fim a sake haska shi a gidan silima, mutane su sayi tikiti su cika kujeru kamar sabo ne. 'Yan rediyo suna da "maimaici", sai dai maimaici na wanda shiri ya wuce shi ne jiya ko shekaranjiya. A nan kuwa mai kallo yakan san fim ɗin ciki da bai, marmari ne ya dawo da shi. Saboda haka zan riƙa cewa "nunin waiwaye". Wanda yake da abin da ya fi wannan, shafukan mujallar nan a buɗe suke.

Fim ɗin da masu yinsa

Labarin ya faru ne a watan Disamba na 1941 a birnin Kasabalanka na ƙasar Maroko, wadda a lokacin take ƙarƙashin Faransa, ita kuma Faransa tana ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai yi wa Jamusawan Hitila biyayya. 'Yan gudun hijira daga Turai sun cika garin suna jiran takardar fita zuwa Lisbon, daga can su wuce Amurka. Wani Ba'amurke mai suna Rick yana da gidan shaƙatawa inda kowa ke haɗuwa. Takardun wucewa guda biyu suka faɗo hannunsa, sai ga tsohuwar masoyiyarsa Ilsa ta shigo tare da mijinta Victor Laszlo, jagoran masu yaƙar 'yan Nazi a ɓoye, suna neman waɗannan takardu ruwa a jallo. A ƙarshe Rick ya sa ta a jirgi ita da mijinta, shi ya tsaya. Irin waɗannan takardu da ba mai ikon soke su ba a taɓa yin su ba a tarihi, marubutan ne suka ƙago su don labari ya sami abin ratayawa.

Kamfanin Warner Bros. ne ya yi fim ɗin. Ya sayi wani wasan kwaikwayo da ba a taɓa nunawa ba, na Murray Burnett da Joan Alison, a kan dala 20,000. Darakta shi ne Michael Curtiz, mutumin Hangari, furodusa kuma Hal Wallis. Waɗansu tagwaye, Julius da Philip Epstein, tare da Howard Koch suka rubuta maganganun, kuma an fara ɗauka a ranar 25 ga Mayu 1942 alhali ba a gama rubutun ba. Ko ƙafa ba su sa a Maroko ba. Kusan komai a cikin situdiyo aka yi shi a Kalifoniya, har jirgin da ake gani cikin hazo a ƙarshen fim ƙaramin samfuri ne, aka sa gajerun mutane su yi ta zagaya shi don ya yi kama da babba. Sa'a ta taimake su, domin a ranar 8 ga Nuwamba 1942 sojojin ƙawance suka sauka a Arewacin Afirka, sunan Kasabalanka ya cika jaridu, sai kamfanin ya yi maza ya fara nuna fim ɗin a New York ranar 26 ga watan. Da aka sake shi ko'ina a Janairun 1943 kuma ya zo daidai da taron da Roosevelt da Churchill suka yi a wannan birni. Ya ci kyautar Oscar uku: ta fim, ta darakta, da ta rubutu.

Taurarin wancan zamani ba su da 'yanci irin na yanzu. Ɗan wasa yakan sa hannu a yarjejeniyar shekara bakwai, kamfani ya zaɓa masa fim, ya zaɓa masa tufafi, wani lokaci har suna. Archibald Leach shi ya koma Cary Grant, Marion Morrison ya koma John Wayne, Margarita Cansino ta koma Rita Hayworth, kuma mai sha'awar nazarin sunaye zai lura cewa kullum ana gudun sunan da ke nuna baƙunta ne ko rauni. Humphrey Bogart, wanda ya fito a Rick, ya shekara da shekaru yana fitowa a ɗan daba ana harbe shi kafin fim ya ƙare, sai a 1941 tauraronsa ya haska. Ingrid Bergman kuwa 'yar Suwidin ce, ta ƙi yarda a canza mata suna, kuma aro ta aka yi daga hannun furodusa David Selznick kamar yadda ake aron kaya. Ta ɗara Bogart tsawo, don haka a waɗansu wurare sai da aka ƙara masa tudu a ƙafa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne sauran 'yan wasan. Cikin waɗanda aka rubuta sunayensu, uku ne kawai haifaffun Amurka. Conrad Veidt, wanda ya fito a Manjo Strasser na 'yan Nazi, Bajamushe ne da ya gudu daga ƙasarsa a 1933 tare da matarsa Bayahudiya. Peter Lorre shi ma a shekarar ya bar Jamus. Madeleine Lebeau, wadda ake nuna fuskarta tana hawaye lokacin da jama'ar gidan suka tashi suka danne waƙar sojojin Jamus da taken Faransa, ita da mijinta Marcel Dalio ta Lisbon suka tsere a 1940. Ke nan karin harshen da ake ji a bakin waɗannan mutane ba kwaikwayo ba ne. Kowa da irin Turancinsa, na Bajamushe daban, na Bafaranshe daban, na Barashe daban. Abin takaici, mutanen garin su kansu, wato Larabawa da Barbar na Maroko, kusan ba su da bakin magana a fim ɗin da ya ɗauki sunan garinsu, yawancinsu ado ne kawai a kasuwa.

Yadda ɗalibai suka tashe shi

A wancan zamani kamfanoni suna ɗaukar fim kamar tumatir ne: a sayar da shi yana ɗanye, in ya kwana biyu a nemi wani. Da talabijin ya shigo, a 1956 Warner ya sayar da tarin tsofaffin finafinansa, har da Casablanca, ga wani kamfani mai ba gidajen talabijin haya.

To, a garin Cambridge na jihar Massachusetts, dab da Jami'ar Harvard, akwai wani ƙaramin gidan silima mai suna Brattle, wanda Bryant Haliday da Cyrus Harvey suka mayar wurin nuna finafinan waje da tsofaffi a 1953. Bogart ya rasu a watan Janairu na 1957 yana da shekara 57. A watan Afrilu na shekarar Brattle ya haska Casablanca, ɗalibai suka yi masa caa. Daga nan ya zama al'ada, duk lokacin jarrabawar ƙarshen zango sai an sa finafinan Bogart, ɗalibai su ajiye littafi su zo, waɗansu sanye da doguwar kwat da hula irin tasa, suna bin maganganun da baki tun kafin ɗan wasa ya furta. Waɗansu garuruwan jami'o'i suka ɗauka. Yaran da ba su san yaƙin ba sai a bakin iyaye su ne suka mayar da fim ɗin abin da yake a yau.

Masanin nan ɗan Italiya, Umberto Eco, ya yi rubutu a kan wannan. A ganinsa, in an bi ƙa'idar fasaha fim ɗin ba wani gwani ba ne, tarkacen tsofaffin jigogi ne da kowa ya sani: soyayyar da ba ta yiwu ba, sadaukarwa, gudun hijira, mugu, amintaccen aboki. Amma da suka taru da yawa haka sai suka zama kamar suna hira da junansu, kuma fim ɗin yana ɓantaruwa gutsure-gutsure, kowa ya ɗauki nasa ya tafi da shi. Duk wanda ya yi darasin adabin baka zai gane wannan magana. Ga ma hujja: jimlar da aka fi dangantawa da fim ɗin, wadda wai ake ce wa makaɗi Sam ya "sake" kaɗa waƙar, babu wanda ya faɗe ta haka a ciki. Bakin jama'a ne ya gyara ta, har Woody Allen ya sa ta ta zama sunan wasansa na 1969, Play It Again, Sam. Yadda karin magana ke gogewa a baki har ya yi sumul, haka wannan ta yi.

Daga baya kamfanoni suka gane akwai kuɗi a waiwaye. An mayar da Casablanca silima a 1992 da ya cika shekara 50, haka kuma a 2012 da 2017 da 2022. A Bologna ta Italiya an fara bikin Il Cinema Ritrovato a 1986, wanda ba ya nuna komai sai tsofaffi da waɗanda aka gyara. A Los Angeles, darakta Quentin Tarantino ya sayi ginin silimar New Beverly a 2007, ya karɓi tsara shirye-shiryenta a 2014, ya ce ba za a haska komai ba sai daga zaren fim na ainihi. Fiyanon da Sam ke zaune a gabansa a gidan Rick an yi gwanjonsa a 2014 a kan dala miliyan 3.4, alhali Dooley Wilson da ya fito a Sam mai ganga ne, bai iya fiyano ba.

Mai karatu zai iya cewa, fim ɗin da ke cikin waya me zai sa a biya kuɗi a je silima? Ni ma na yi wannan tambaya. Na kalli wurin taken Faransa a wayata fiye da sau goma saboda aikin fassara, ban ji komai ba. Ranar da muka kalle shi a bango mu kusan arba'in, an rufe tagogi, ajin da ya fara da gunaguni ya yi tsit, har na ji tsigar jikina ta tashi. An tsara hoton ne don babban allo da taron jama'a. Mai ɗaukar hoto Arthur Edeson ya tausasa hasken da ke fuskar Bergman, ya sa ɗan ƙyalli a idanunta, abin da a tafin hannu ba ya fitowa.

Wanda ya tsira da wanda ya ƙone

Ba a waiwayar abin da babu shi. Har zuwa farkon shekarun 1950 ana buga fim ne a kan zaren naitiret, wanda ke kama wuta kamar fetur, ko cikin ruwa aka tsoma shi ba lallai ya mutu ba, in kuma an ajiye shi ya daɗe sai ya narke ya zama gari. A 1937 rumbun kamfanin Fox a New Jersey ya ƙone da mafi yawan finafinansa marasa magana, na MGM ma ya ƙone a 1965. Mu ma abin ya taɓa mu: a 1951 gobarar silimar El-Duniya a Kano, wadda ta tashi daga ɗakin na'ura, ta ci rayuka 331. Wani rahoto da Laburaren Majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa cikin dogayen finafinai marasa magana kusan 11,000 da aka yi a ƙasar tsakanin 1912 da 1929, kashi 70 cikin ɗari sun ɓace gaba ɗaya.

Wata ɓarnar kuma da sunan gyara take zuwa. A 1986 attajiri Ted Turner ya mallaki tarin da Casablanca ke ciki, a 1988 ya sa aka shafa masa launi da kwamfuta. Daraktoci da 'yan wasa suka yi ca a kan wannan ɗabi'a, kuma hayaniyar tana cikin abin da ya sa Majalisar Amurka ta yi dokar adana finafinai a 1988. Da aka buɗe rajistar finafinan ƙasa a 1989, Casablanca na cikin 25 na farko. A 1990 kuma Martin Scorsese ya kafa gidauniyar gyaran tsofaffin finafinai.

Ina karanta wannan ina tunanin namu. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa da muke karantawa a aji, ya daɗe ana ɗauka ya ɓace. Da aka gano zarensa, cibiyar Arsenal ta Berlin ta taimaka aka gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Wancan nunin waiwaye ne sak, kuma na fim ɗin Hausa, amma a ajinmu mutum biyu ne kacal suka ce sun taɓa ganinsa.

Fassara ko yankan ƙauna

Yanzu ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. A 1952 aka kai Casablanca Jamus ta Yamma da muryoyin Jamusanci. Shekara bakwai ke nan da gama yaƙi, masu kasuwa suna tsoron ɓata wa 'yan kallo rai, sai aka yanke wajen minti 25. Duk wani ɗan Nazi aka share shi, Manjo Strasser ya ɓace, wurin taken Faransa ya tafi. Victor Laszlo, wanda ya tsero daga sansanin gwale-gwale, ya koma Victor Larsen, masanin kimiyyar nukiliya ɗan Norwe da ya gano wani haske na asiri. Hoton na ainihi ne, bakin da ke motsi na ɗan wasan ne, amma maganar ta wani ce. Sai a 1975 Jamusawa suka ga cikakken fim ɗin da sabuwar fassara a talabijin.

A Sifaniya ta zamanin Janar Franco ma an yi irin wannan. A fim ɗin an ce Rick ya yi safarar makamai zuwa Habasha a 1935, ya kuma yi yaƙi a Sifaniya a 1936 a ɓangaren da Franco ya kayar. Mafassara suka ɗauke shi daga Sifaniya suka kai shi Ostiriya. Mafi ban dariya shi ne abin da suka yi wa fim ɗin Mogambo na 1953. Don kada a ga matar aure tana son wani, sai suka mayar da ita da mijinta wa da ƙanwa, suka manta cewa hoto yana nuna su a ɗaki ɗaya, suna kuma yin abin da ma'aurata ke yi. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Na kawo waɗannan ne saboda ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya da na waɗansu ƙasashe ya zama sana'a, kuma wasu daga cikinmu can za su nufa. Mai kallo da bai ji harshen asali ba ba shi da hanyar kama mai fassara, amana ce zalla. Ban ce kada a sa gishiri ba, domin fassarar da ba ta da daɗi a kunne ba mai saurarenta. Amma akwai tazara tsakanin nemo wa barkwanci ɗan'uwansa a Hausa da canza wa mutum ƙasa da sana'a.

Inda muka yi gumi

Rabon rukuninmu ya faɗo a kan wani ɗan wuri da waɗansu tsofaffin ma'aurata Jamusawa suke murnar gobe za su tafi Amurka, suka ce daga yau Turanci kawai za su riƙa yi. Mijin ya so tambayar lokaci, sai ya tambayi matar "wane agogo", ita ma ta amsa masa da "agogo goma". Dalili shi ne a Jamusanci kalma ɗaya ce take nufin agogo, ita ce kuma ake faɗin lokaci da ita, sai suka kwaso ginin harshensu suka zuba a Turanci. Mun kwana biyu muna neman yadda za mu yi. Wani ya ce mu sa bayani a ƙasa, wani ya ce mu tsallake. Sai wata 'yar rukuninmu, Bayarabiya, ta fashe da dariya ta ce ai ita ma da ta fara koyon Hausa "agogo nawa?" take cewa, domin a Yarabanci da kalmar agogo ake faɗin lokaci, ta daɗe kafin "ƙarfe nawa?" ya zauna mata. Shi ke nan, muka rubuta "Agogo nawa?", "Agogo goma." Da muka karanta a aji kowa ya yi dariya ba tare da an yi bayani ba. Wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ne yakan ga ƙofar da ɗan gida ya saba wucewa bai lura da ita ba.

Na biyu ya fi wuya. Wata amarya 'yar Bulgeriya ta zo wurin Rick tana tambaya ko Kyaftin Renault, shugaban 'yan sanda, yana cika alkawari. Abin da Renault ke nema a wurinta kafin ya ba su takardar fita ba a faɗe shi ba ko sau ɗaya. Ba kunya ce ta hana ba, doka ce. Daga 1934 zuwa shekarun 1960 akwai ƙa'idar tace finafinai da ake kira ta Hays, wadda ta hana fitowa fili da irin wannan zance, kuma a ƙarƙashinta matar aure ba za ta bar mijinta ta bi wani a ƙare lafiya ba. Marubuta suka koyi sakaya zance. Daftarinmu na farko ya fasa ƙwan, mun sa yarinyar ta faɗi abin ƙarara don kada mai kallo ya ɓata. Malam ya ja jan biro a kai ya rubuta, "Wa ya aike ku?" Da gaskiyarsa. Hausa ba ta rasa hanyar faɗin abu ba tare da an faɗe shi ba, kuma da muka mayar da shi "in mace ta yi wani abu marar kyau sau ɗaya, ta binne shi a ranta", ya fi na farkon nauyi nesa ba kusa ba.

Wani rukunin ya yi karo da matsalar kira. Turanci wakilin suna ɗaya gare shi ga duk wanda ake magana da shi, Hausa kuwa dole ka zaɓa tsakanin ka da ki da ku. Shin Sam zai ce wa Rick "kai" ne ko "ku"? Ma'aikacinsa ne, amma kuma abokin da suka gudo daga Faris tare, shi kaɗai ke iya ce masa ya daina sha ya je ya kwanta. Sun tsaya a kan "Maigida" tare da "ka", na kuma ga dacewar hakan. Sannan akwai inda Ilsa, da shigowarta, ta tambayi wane ne "yaron" da ke kaɗa fiyano. Dooley Wilson yana da shekara 56 a lokacin, ita tana da 26. Haka fararen Amurka suke kiran baƙar fata komai tsufansa. Idan aka ce "yaro" a Hausa, mai kallo zai iya ɗauka yaron gida ake nufi, dafin ya zube. Idan aka ce "mutumin nan", an wanke fim ɗin daga laifin da ya yi. Wani ya kawo "boyi", kalmar da muka gada daga gidajen Turawan mulki, kuma ita ce ta fi kusa da ɗaukar rainin, ko da yake ta ƙara masa aikin da ba shi yake yi ba. Hatta sunan Rick abin lura ne: a Faris Ilsa tana kiransa Richard, a Kasabalanka yawanci Rick ake ce masa, kuma daren da ta zo roƙonsa takardun ta koma Richard, shi da kansa ya tanka mata a kan haka. Mafassarin da ya daidaita sunan ya zama ɗaya don sauƙi ya kashe wannan wuri.

Akwai kuma abin da ba ya cikin magana sam. A ƙarshen fim Renault ya ɗauki kwalbar ruwa, ya ga tambarin Vichy a jiki, ya jefa ta kwandon shara ya sa ƙafa ya shure shi. Ɗan kallon 1942 ya san ya bar gwamnatin Vichy ke nan ya koma ɓangaren masu turjiya. A ajinmu an ɗauka ruwan ne ya lalace.

Wadda ta gagare mu gaba ɗaya ita ce 'yar jimlar da Rick ke faɗa wa Ilsa sau huɗu, farko yana ɗaga kofi a Faris, ƙarshe a filin jirgi ba kofi a hannunsa. Kalma ce ta masu ɗaga kofi, ma'anarta ta zahiri kallon mutum, ya kuma rufe ta da kiranta da kalmar da ake kiran ƙaramin yaro. Jamusawa sun mayar da ita "ina kallon cikin idonki, 'yar ƙarama", ba daidai ba ne, amma ta shiga bakinsu ta zauna. Mu ba mu da al'adar ɗaga kofi, kuma "yarinya" a bakin namiji tana iya zama so, tana iya zama raini. An kawo "don ke, 'yan mata", an kawo "Allah ya bar mu tare", wadda ba ta yiwuwa a filin jirgi tunda rabuwa ake yi. Ni na ba da "idona na kanki, ƙanwata", aka ce ta yi kama da gargaɗin ɗan sanda. Rukunin da abin ya faɗo wa sun miƙa aikinsu da fassara uku a jere, Malam ya karɓa bai soke ko ɗaya ba, ya ce zai ba 'yan aji uku masu zuwa su gwada.